Yadda ake ziyartar dandalin Ya Mo a garin Korat na ƙasar Tailan

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Tailan iyakarsu Bankok ne, a sauka filin jirgin Suvarnabhumi, a faɗa kasuwar Pratunam a saro kaya, wasu kuma asibiti ne ya kai su, ana gamawa sai a haɗa kago a juyo gida. To wannan rubutun na wanda yake da rarar kwana ɗaya ko biyu ne a tafiyarsa kuma yana so ya ga wani abu na ƙasar wanda ba kasuwa ba. Akwai wani gari a arewa maso gabas da Bankok, sunansa na takarda Nakhon Ratchasima amma kowa Korat yake ce masa, a tsakiyar garin akwai mutum-mutumin wata mata mai suna Thao Suranari wadda 'yan garin suke kira Ya Mo, wato Kaka Mo. Tun 1852 ta rasu amma har gobe mutanen Korat jikokin Ya Mo suke kiran kansu, hotonta yana jikin motoci da shaguna, jami'ar fasaha ta garin sunanta ne, barikin soja sunanta ne, makarantar 'yan mata ma haka. Abin da za ka je gani kenan a gaskiya, yadda gari guda ya riƙe mace ɗaya kusan shekara 200 bai sake ta ba, shi ƙarfen da aka ƙera ai ko minti biyar ya isa ka gama kallonsa.

Mataki na farko, san labarin tun kana gida

Dan Allah kar ka tsallake wannan, domin wanda ya je bai san labarin ba zai tsaya ne ya ga mutane suna kunna turare ya ɗau hoto ya ce shi kenan? An haifi Mo a 1771, ta auri mataimakin gwamnan Korat. A lokacin Vientiane, wadda yanzu ita ce babban birnin Laos, tana ƙarƙashin ikon Siyam ne, tsohon sunan Tailan kenan. Sarkin Vientiane mai suna Anouvong sai ya yi tawaye yana neman ya fitar da ƙasarsa daga hannun Bankok, a 1826 bisa lissafin littattafan Tailan, wasu kuma su rubuta farkon 1827, rundunarsa ta shigo Korat a daidai lokacin da gwamnan ba ya gari, suka kwashe mutanen garin aka tasa su a gaba zuwa Laos, har da Mo a cikinsu.

A wani fili da ake kira Thung Samrit, cikin yankin Phimai, a nan kamammun suka juya wa masu tsaronsu. Yadda ake ba da labarin ya sha bamban, wasu su ce ta roƙi sojojin su ba su wuƙaƙe da gatura don a sari itacen girki sai aka fiƙe sanduna a ɓoye, wasu su ce matan ne suka yi ta ɗura wa sojojin giya har suka bugu sannan mazan suka far musu da dare. Akwai kuma wata budurwa, Bunluea, da ake cewa ita ta cinna wa keken albarushi wuta ta mutu tare da abokan gaba. Sarkin Siyam Rama na 3 ne ya ba Mo sarautar Thao Suranari daga baya don jarumtar da ta nuna.

Amma fa labarin yana da ɗaya gefen kuma ya kamata ka san shi. Bayan an murƙushe tawayen sojojin Siyam sun rusa Vientiane, aka kama Anouvong aka kawo shi Bankok aka saka shi a keji har ya mutu. A Laos shi gwarzo ne, a 2010 suka kafa masa ƙaton mutum-mutumi a bakin kogin Mekong. Sannan su kansu masana tarihin Tailan sun yi ta muhawara kan ko rawar da Mo ta taka ta kai yadda ake faɗa, suna kuma nuna cewa an kafa mutum-mutumin ne a watan Janairun 1934, watanni kaɗan bayan tawayen da wani yarima mai suna Boworadet ya yi wa gwamnati a Oktoban 1933 wanda sojojin Korat suka shiga ciki, wato gwamnati tana neman abin da zai sake ɗaure garin da Bankok. A shekarun 1990 wani bincike da aka buga a kan wannan ya jawo zanga-zanga a Korat, mutane suka fito da fushi. Wanda ya tashi da jin labarin Sarauniya Amina ta Zazzau ya san yadda abin da aka rubuta da abin da kakanni suka faɗa suke cakuɗewa har a kasa raba su. Ka san duk wannan a cikinka, amma kar ka je Korat ka ɗauko wannan gardama da direba ko mai otal, abin yana taɓa musu zuciya sosai, kai kuma baƙo ne.

Mataki na biyu, takardu

Idan kana Bankok ka riga ka wuce nan. Idan kuwa daga gida za ka taso, mai fasfon Najeriya sai da biza, yanzu ta intanet ake nema, kuma suna neman takardar wankewa ta NDLEA, ita kuwa tana ɗaukar lokaci don haka fara da ita. Katin rigakafin shawara dole ne ga wanda ya taso daga Najeriya ko Nijar ko Gana, akwai teburin jami'an lafiya a filin jirgi da za ka fara bi ta kansa kafin ka shiga layin imigireshan, idan ka wuce shi za a dawo da kai ka sake bin layi. Tun watan Mayun 2025 kuma akwai katin shigowa na intanet da suke kira TDAC, ana cike shi cikin kwana 3 kafin sauka, kyauta ne, duk shafin da ya ce ka biya kuɗi ba na gwamnati ba ne. Ka riƙe dala ka canja zuwa baht a Bankok, naira ko sefa ba wanda zai karɓa. Layin waya na AIS ko True ka saya tun a filin jirgi saboda za ka buƙaci taswira da Grab, manhajar kiran tasi. Agogonsu yana gaban namu da awa 6.

Fasfonka ya kasance a jikinka a wannan tafiyar, otal za su nema, tashar jirgin ƙasa ma haka.

Mataki na uku, hanya daga Bankok

Tsakanin Bankok da Korat kusan kilomita 260 ne. Hanya mafi sauƙi ita ce bas daga tashar Mo Chit, motocin Korat suna tashi akai-akai daga safe har dare, manyan bas ne masu iya kwandishan, tafiyar awa 4 ko ƙasa da haka idan babu cunkoso a titin Mittraphap, kuɗin kuma baht ɗari biyu da wani abu ne zuwa ɗari uku, farashi dai yana motsi. Abu ɗaya da ke rikita baƙi shi ne tashar BTS, jirgin ƙasan da ke bi ta saman gada a cikin Bankok, mai suna Mo Chit daban take da tashar bas ɗin, akwai tazara tsakaninsu, sai ka hau tasi ko ɗan acaɓa ya ƙarasa da kai. Ka ɗauki riga mai kauri domin sanyin cikin bas ɗin ba wasa ba ne. A wurin sayen tikiti ce musu Korat kawai, sun gane.

Ni dai na fi son jirgin ƙasa duk da ya fi ɗaukar lokaci, awa 4 zuwa 5 har ma fiye idan ya makara. Daga babbar tashar Krung Thep Aphiwat ake hawa, wadda jirgin ƙarƙashin ƙasa na MRT ke kai ka ta tashar Bang Sue. Zai bi da kai ta Ayutthaya da Saraburi sannan ya fara hawan tudu wajen Pak Chong, ka ga dam ɗin Lam Takhong ta taga, daga nan ka shiga yankin Isan ke nan, wato arewa maso gabashin ƙasar. Nemi jirgin da zai tafi Ubon Ratchathani ko Surin, domin wasu daga cikin masu zuwa Nong Khai suna kewaye Korat ba sa shiga. Tashoshi biyu ne a garin, Nakhon Ratchasima da Thanon Chira, duk wadda ka sauka dandalin ba nisa.

Shawarata ka kwana ɗaya. Ana iya zuwa a dawo a rana guda amma awa 8 a hanya ke nan, kuma za ka rasa yamma, alhali yamma ce lokacin wurin.

Mataki na huɗu, daga tasha zuwa dandali

Tashoshin bas biyu ne, ta ɗaya tana cikin gari, ta biyu babba tana bakin titin Mittraphap. Duk inda aka sauke ka, buɗe Grab ka rubuta Thao Suranari, ko ka tare tuk-tuk, wato keke napep ɗinsu, ka ce masa "pai Ya Mo", ba direban da zai ce bai sani ba. Ku yi ciniki kafin ka hau, "thao rai" shi ne nawa. Akwai kuma songthaew, a-kori-kura ce mai benci biyu a baya da rumfa, ita ce motar talakan gari kuma tana da araha ƙwarai, sai dai rubutun jikinta da harafinsu ne, in ba ka da mai nuna maka ka bar ta. Ka kula wajen tsallaka titi, a hagu suke tuƙi, idonka ya saba duba ɗaya ɓangaren.

Otal ka nema a kusa da tsohon gari, wajen titin Chomphon ko Ratchadamnoen, yadda za ka taka da ƙafa ka je ka dawo.

Mataki na biyar, wane lokaci

A wata, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi daɗi, iska mai ɗan sanyi babu ruwa. Maris zuwa Mayu zafi ne mai gumi, daga nan damina har Oktoba. A yini kuma ko dai da sassafe kafin rana ta ɗaga ko daga wajen ƙarfe 5 na yamma zuwa bayan magariba. Da tsakar rana daɓen wurin yana ɗaukar zafi kuma takalmi ake cirewa a hau. Wurin fili ne a buɗe, babu kuɗin shiga, babu ƙofar da ake rufewa, ko da dare za ka tarar da mutane.

Idan ƙarfe 6 na yamma ta same ka a can ka ji an saki taken ƙasa a lasifika ka ga kowa ya tsaya cak, kai ma tsaya har a gama, ba ya wuce minti ɗaya. Haka suke yi da ƙarfe 8 na safe.

Mataki na shida, a gaban mutum-mutumin

Da ka iso kar ka yi saurin matsawa. Samu gefe ka tsaya ka kalla tukuna. Mutum-mutumin ba ƙato ba ne, tsayinsa mita 1.85, nauyinsa kilo 325, na tagulla ne mai duhu, an ɗora shi a kan dogon dakali. Tana tsaye da takobi a hannun dama kansa yana kallon ƙasa, hannun hagu a ƙugu, gashinta a datse irin na matan wancan zamanin, fuskarta tana kallon yamma inda Bankok take. Wani Ba'italiye ne ya ƙera shi, Corrado Feroci, wanda ya zauna a Tailan ya koma amsa sunan Silpa Bhirasri, tare da wani mai zane ɗan ƙasar. A cikin dakalin akwai tokar gawarta, shi ya sa a wurinsu ba ado ba ne kawai, makwancinta ne. Ana yawan cewa shi ne mutum-mutumi na farko da aka yi wa mace wadda ba 'yar gidan sarauta ba a ƙasar. Idan ka ga shekaru a allunan wurin kamar 2369 ko 2477 kar ka rikice, kalandarsu ta Buda ce, cire 543 ka samu tamu.

Abin da za ka gani shi ne mutane suna sayen furanni da aka tsire a zare da kyandir da turaren tsinke a rumfunan gefe, su cire takalmi, su durƙusa, su haɗa tafin hannu su yi roƙonsu. Wasu suna manna 'yar takardar zinare a jikin ƙaramin mutum-mutumin da aka ajiye don haka, wasu suna ɗaura ƙyallaye masu launi. Ɗalibai masu shirin jarrabawa, sojoji, 'yan kasuwa, sababbin ma'aurata, wanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Korat ya zo ya gabatar da kansa, direban da ke wucewa ma sai ka ga ya sunkuyar da kai. Masu sayar da tikitin caca suna nan jere da allunansu, za su miƙo maka, girgiza kai da murmushi ya isa.

To ga maganar da na san tana ran mai karatu. Kai Musulmi ne ko Kirista, me za ka yi a wurin? Ba sai ka yi komai daga cikin waɗannan ba, kuma ba wanda zai matsa maka. Ni ba na kunna turare, ba na durƙusawa, ba na sayen fure, tarihi na zo gani da mutane, kuma daga filin ƙasa ana ganin komai ba sai an hau inda suke ibadarsu ba. Idan mai rumfa ta miƙo maka fure ce mata "mai ao khrap", in mace ce ke ki ce "mai ao kha", ba na so ke nan cikin ladabi. Wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu da zuwa irin wurin ba gaba ɗaya, ya tambayi malaminsa tun kafin ya sayi tikiti, wannan ya fi ya je yana ɗari-ɗari. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne mutum ya je har garinsu ya tsaya yana dariya ko yana ɗaukar bidiyo yana aibata su da Hausa don ba sa ji. Mutanen nan da gaske suke yi, wata za ka ga hawaye a idonta, ƙila ɗanta ne kwance a asibiti. Rashin yarda da aƙidar mutum daban, wulaƙanta shi daban.

Wasu ƙa'idoji da za su fisshe ka. Sa tufafin da suka rufe kafaɗa da gwiwa, kaftani ko abaya da hijabi duk lafiya lau, sun saba ganin Musulmi domin ƙasar tana da Musulmi miliyoyi. Kar ka nuna mutum-mutumin ko wani mutum da ƙafa, kar ka miƙe ƙafa tana fuskantarsa idan ka zauna, ƙafa a wurinsu abin ƙasƙanci ce. Kar ka shafa kan yaro ko da wasa. Kar ka gifta ta gaban wanda ya durƙusa. Hajiya, idan kin ga malaman Buda masu mayafi ruwan goro ki ba su hanya, mace ba ta taɓa su ba ta kuma miƙa musu abu hannu da hannu. Hoto ba laifi, amma fuskar mai roƙo kar ka matsa mata da kyamara. Sannan babbar magana, kar ka ce komai mara daɗi game da sarkin ƙasar ko gidansa, a baki ko a Facebook, sashe na 112 na dokarsu ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ne kuma ba ruwansa da baƙo ne kai.

Mataki na bakwai, nemi masu waƙa

Wannan shi ne abin da ya fi burge ni kuma baƙi da yawa suna wuce shi ba su san mene ne ba. A kusa da dandalin akwai ɗan dandamali inda za ka ga mata da maza cikin kayan gargajiya suna waƙa ba kiɗa ba ganga, murya ce zalla, namiji ya yi baiti mace ta mayar masa, suna ɗan rausaya da hannu, a ƙarshen baiti su haɗa baki. Phleng Korat ake kiranta, waƙar garin ce da karin harshensu na Korat wanda ko ɗan Bankok ba ya gane shi duka. An ce ita ce waƙar da Ya Mo take so tana raye, don haka wanda ya yi bakance cewa idan buƙatarsa ta biya zai sa a yi mata waƙa, sai ya dawo ya biya mawaƙan su yi. Wato sau da yawa za ka ga suna rerawa babu 'yan kallo a gabansu, domin ba don mu ake yi ba. Kuma wannan al'adar ce ta sa waƙar ta rayu har yau mawaƙan suna cin abinci da ita, da tuni rediyo da waya sun binne ta. Zauna a gefe ka saurara ko na minti goma ne, ba a karɓar kuɗi a hannun mai kallo.

Mataki na takwas, Ƙofar Chumphon da ganuwa

A bayan mutum-mutumin daf da shi akwai Ƙofar Chumphon, ƙofar yamma ta tsohon gari, da ɗan ɗakin katako a samanta. An gina ganuwar Korat ne a zamanin Sarki Narai na Ayutthaya wanda ya yi mulki daga 1656 zuwa 1688, ƙofofi huɗu ne, wannan ce ta asali da ta rage, sauran ukun sake gina su aka yi. Ramin ruwan da ya kewaye ganuwar yana nan an gyara shi, da yamma mutane suna zama a bakinsa yara suna wasa. 'Yan garin suna da wata magana da suke faɗa wa baƙo, wai in ka ratsa ƙofar sau ɗaya za ka sake dawowa Korat, sau biyu za ka zauna ka yi aiki a nan, sau uku kuwa za ka yi aure a garin. Za ka ga matasa suna zagayawa suna ƙirgawa suna dariya.

In ka ratsa ka miƙe titin Chomphon zuwa gabas ka shiga cikin tsohon gari ke nan, akwai wurin ibadar Buda na Wat Phra Narai Maharat a gaba. Ta kudu da dandalin kuma akwai ƙaramin gidan tarihi na Maha Viravong, ka duba ranakun buɗewarsa kafin ka je domin gidajen tarihin gwamnati suna rufewa a farkon mako.

Mataki na tara, idan ka kwana

Washegari da safe hau tuk-tuk zuwa Wat Sala Loi, wani wurin ibadar Buda a arewa maso gabashin tsohon gari kusa da kogin Lam Takhong. Ya Mo da mijinta ne suka gina wurin a 1827 bayan yaƙin, wani ɓangare na tokarta yana can, kuma babban ɗakin ibadar da aka gina daga baya siffar jirgin ruwa aka yi masa aka lulluɓe shi da tayil ɗin yumɓu na Dan Kwian, ƙauyen maginan tukwane da ke kusa da garin. A nan ma ana yin waƙar.

Wanda yake da yini cikakke ya tafi Phimai, kimanin kilomita 60, bas yana zuwa daga tasha ta biyu. Akwai tsohon ginin dutse na daular Khmer a can mai shekara kusan 900, dangin Angkor Wat na ƙasar Kambodiya ne, kuma filin Thung Samrit inda aka yi artabun yana cikin wannan yankin, an kafa abin tunawa a wurin. Filin dai babu motar haya da ke kai mutum kai tsaye, sai ka yi shatar mota ko babur daga Phimai kuma ku yi da shi ya jira ka.

Abinci da sallah

Nan sai ka yi hattara domin Korat ba Bankok ba ce, babu layin gidajen abincin Larabawa irin na unguwar Nana. Naman alade yana cikin abubuwa da yawa har da romon miya da man suya. Abincin garin da ake ji da shi shi ne phat mi Korat, taliyar shinkafa ce soyayya mai ɗan zaƙi da yaji, ana haɗa ta da som tam, kwaɗon ɗanyen gwanda, amma yawanci da alade ake soya taliyar. "Mai kin mu" shi ne ba na cin alade, sai dai ko an cire naman kaskon ɗaya ne, don haka ya fi ka buɗe taswira ka rubuta halal, akwai Musulmi a garin da masu sayar da shinkafa da kaza da roti, za ka gane su da hijabi ko hula ko alamar wata da tauraro a jikin rumfa. A shagunan 7-Eleven duba koren tambarin halal a jikin kaya. 'Ya'yan itatuwa kuwa ga su nan birjik, mangwaro, abarba, kankana, gwaba. In ba ka jure yaji ce "mai phet", yajin Isan ko mu da muka saba sai mun sha ruwa. Ruwan gora za ka sha, ba na famfo ba.

Masallaci "matsayit" suke cewa, nemo shi a taswira tun kana otal ka san nisansa, in ba haka ba yi alwala ka yi sallarka a ɗaki kafin ka fito, alƙibla tana yamma ne da ɗan karkata arewa, ka tabbatar da manhajar waya. Kai matafiyi ne, kana da sauƙin kasaru da haɗawa. Kar dai ka shimfiɗa dadduma a filin dandalin.

Idan kana son ganin biki

Duk shekara daga 23 ga Maris zuwa 3 ga Afrilu ake bikin tunawa da nasarar Ya Mo. Ranar buɗewa mata dubbai ne suke fitowa cikin kaya iri ɗaya su cika titunan da ke kewaye da dandalin suna rawar girmamawa, tsofaffi da 'yan mata, sannan akwai baje koli da wasanni da wasan wuta da dare. Abin kallo ne na gaske, amma zafi ne lokacin kuma otal yana cika, kama ɗaki da wuri, ka riƙe ruwa da hula, ka kuma fito da wuri domin ana rufe titunan. Kwanakin Songkran kuwa, bikin sabuwar shekararsu ta gargajiya, 13 zuwa 15 ga Afrilu, ka guje su sam, duk 'yan Isan da ke aiki a Bankok gida suke tafiya, titin Mittraphap yana cushewa tafiyar awa 4 ta ninka, ga kuma watsa ruwa a titi ba a tambayar mutum ko yana so. Ƙarshen Disamba ma haka hanyar take.

Komawa

Sayi tikitin dawowa tun ranar da ka sauka idan ƙarshen mako ne, musamman yammacin Lahadi. In kana son tsaraba, siliki na Pak Thong Chai da kayan yumɓu na Dan Kwian ana samunsu a cikin gari, akwai kuma manyan kantuna irin su Terminal 21 da The Mall a bakin titin Mittraphap. Lambar 'yan sandan baƙi 1155 ce, ajiye ta a waya. Kar ka karɓi saƙon kowa ka riƙe masa a bas ko a tasha komai ƙanƙantarsa, dokar ƙwaya a ƙasar tana da tsanani ƙwarai, sigarin lantarki ma haramun ne a can. Kuma idan jirginka na gida da dare zai tashi, baro Korat tun da safe, domin daga Mo Chit zuwa Suvarnabhumi ma wata tafiyar ce ta awa guda ko fiye idan ka faɗa cunkoson yamma.